Ranar da Na Bar Kontena Na Ɗauki Kare

Kun taso kuna jin abokaina na kasuwa suna kirana Alhaji Mai Kare, kuma na san kowannenku ya tsinci nasa labarin a waje. Mubarak ya taɓa dawowa gida da kumburarren leɓe saboda an ce masa wai naman kare nake sayarwa a China. Ummi kuwa har ta yi aure tana zaton kiwonsu na yi. Duk ba haka ba ne. Kare ɗaya ne tal, shi ma ba nawa ba. Tunda Allah ya ja kwanana har na zauna ina rubuta muku tarihina, gara ku ji daga bakin mai abin, kafin masu ƙarin gishiri su mayar da shi karnuka goma.

A shekarar ni da Ummanku muna Guangzhou, a wani lungu na unguwar Sanyuanli, ku kuma kuna Kano wajen kakarku Hajiya Babba saboda makaranta. Aikina kun san shi. 'Yan Kantin Kwari su turo mini abin da suke so, ni in bi kasuwar Canaan da manyan shagunan titin Guangyuan ɗaya bayan ɗaya, in zaɓa, in tara a sito, in cika kontena a kai Huangpu a ɗora a jirgin ruwa. Gidan da muke haya bene ne siriri mai hawa huɗu. Mu muna hawa na biyu, mai gidan yana can sama, kusa da rufin da ya cika da tukwanen fulawa. Tsoho ne, sunansa Liang, amma mu Baba Lawban muke ce masa, lawban kuwa shi ne maigida a bakinsu. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a wani gari mai nisa, ba shi da abokin zama sai wani ɗan guntun kare ja mai gajerun ƙafafu, ana ce masa Afu.

Dole in gaya muku wane ne Baba Lawban a wurinmu, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. An yi wani lokaci da haya ta yi wa baƙar fata wuya a garin. Ka ga an rubuta akwai ɗaki, kana leƙa kai a ce maka meyo, wato babu. Shi bai ce mana meyo ba. Duk sanda za a sabunta mana takardar zama, da kansa yake saka hularsa ya raka mu ofishin 'yan sanda, ya zauna a benci har a gama. Da Ummanku ta kwanta zazzaɓi, saukowa ya yi da kunun shinkafa, yana ta nuna mana da hannu cewa tukunyar sabuwa ce, ba ta taɓa ganin alade ba. Irin wannan mutum in ya roƙe ka abu, harshenka ba ya juyawa ya ce a'a.

Wata Lahadi da hantsi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ummanku ce ta saurare shi, don ni shekara bakwai na yi a ƙasar amma Sinancina bai wuce gaisuwa da godiya da "ya yi tsada" ba, ita kuwa cikin shekara biyu ta koya a wajen masu kayan miya har tana iya faɗa da su. Ta juyo gare ni.

"Alhaji, ya ce 'yarsa ta kusa haihuwa, zai je ya yi mako biyu. Ba zai iya tafiya da Afu ba. Yana roƙo mu riƙa ba shi abinci."

"Kare, Binta? Ni da nake jan salla a sito in liman ba ya nan?"

"To shi ke nan," ta ce. "In ce masa meyo?"

Matar nan ta san inda za ta soka. Na kafa sharaɗi ɗaya, cewa karen yana can sama a rufi, ba zai tako ɗakinmu ba. Baba Lawban ya yarda da murna, ya ja mu sama ya nuna mana komai: gwangwanin awon abinci, ɗaya safe ɗaya yamma, da kwanon ruwa. Daga nan ya jawo durowa ya fito da wata leda cike da wasu abubuwa farare, an murɗe su an ƙulle bakin kowanne ya yi siffar ƙashi. Na ɗauki ɗaya na shinshina. Ni ɗan mahauci ne, a bakin mayanka na girma, hancina ba ya ɓata a kan fata. Na fashe da dariya na ce da Ummanku wannan ai ganda ce, busasshiyar fatar saniya da aka kankare aka wanke fes. Abin da muke jiƙawa mu dafa da attaruhu mu ci muna santi, shi mutanen nan suka mayar abin gwigwiyar kare. Tsohon bai san me nake wa dariya ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya a gaban fuskata, ya yi magana a hankali, ya maimaita.

"Ya ce guda ɗaya, bayan kwana uku," in ji Ummanku. "Kuma a zauna a wurin har ya gaji da ita. In ta yi ƙanƙanta a karɓe."

"Ashe rowa har China ta zo," na ce. "Kar ki fassara wannan."

Ummanku a lokacin tana da cikin Auta wata bakwai, ga tuwon da take yi wa 'yan Kano da rana, don haka hawa bene ya faɗo kaina. Afu irin karen nan ne mai son mutane fiye da kima. Ranar farko ina buɗe ƙofar rufin ya taso da gudu zai ɗafe ni, harshe a waje, ni ga alwala, ga kaya masu tsabta. Ban san sanda na zaro gandar nan na wurga can lungu ba. Ya bi ta, ya kwanta, ya riƙe ta da ƙafafun gaba, ya manta da ni. Na ce abin nema ya samu. Daga ranar duk hawan da zan yi sai na wurga ɗaya, in ya gama da wuri in ƙara. Rufin kuma ya yi mini daɗi, akwai iska, waya tana kamawa sosai, sai in zauna a kujerar tsohon ina hira da Kano, karen yana can yana aikinsa. Ban taɓa tsayawa na ga yadda yake gamawa da ita ba. Ranar Laraba Ummanku ta yi farfesun kan rago, na tattara ƙasusuwan na kai masa, ina jin kaina kamar wani mai sadaka. Karnukan mafarauta nake tunawa, waɗanda na ga suna ragargaza ƙashi a bayan mayanka ina yaro, na manta cewa Afu gaba ɗayansa bai fi matashin kai ba.

Ummanku ta lura ledar tana ramewa.

"Alhaji, mutumin nan fa yatsa ɗaya ya ɗaga."

"Yatsansa ne, Binta, ba aya ba ce. A gidanmu ba a ƙirga wa baƙo loma."

Haka na faɗa, kuma na ji daɗin maganar a bakina. Amma ku 'ya'yana ne, ba zan yi muku ado ba. Ba karamci ba ne. Toshiyar baki nake ba karen don kada ya taɓa mini riga.

Juma'a ce ranar lodina, kuma ba ƙaramin lodi ba, kayan Sallah ne na mutum shida. Mai yi mana jigila Alhaji Yakubu ne, mutumin zangon Kumasi, kuma ya riga ya gaya mini jirgin wannan makon ne na ƙarshe da zai isa Legas kafin kasuwar Sallah ta buɗe. Dole mota ta bar sito kafin azahar don ta shiga Huangpu a kan lokaci, kuma ba a taɓa kayana sai ina tsaye, don ni na san dilar wane ce wannan, ni kuma zan sa hannu a takardu. Na yi wanka, na saka sabuwar farar shadda ɗinkin Kano, da niyyar daga sito in wuce masallaci. Na hau sama in zuba abinci in tafi. Na buɗe ƙofa, ba wanda ya taso. Afu yana kwance a gindin tukwanen fulawa, ya yi aman kumfa rawaya wuri uku, abincin jiya yana nan bai taɓa ba. Ya ɗago ido ya dube ni, ya ɗan motsa wutsiya sau ɗaya. Kwana huɗu ina addu'ar karen nan ya daina tsalle, ranar da ya daina sai gabana ya faɗi.

Na ƙwala wa Ummanku kira, ta hau da ƙyar tana haki. Ta taɓa cikinsa, ya yi ƙara, cikin ya yi tauri kamar ganga.

"Akwai asibitin dabbobi bayan Canaan," ta ce. "Ka tafi lodinka, ni zan san yadda zan yi."

Wallahi na sauka. Har ƙofar gida na kai, na ɗora hannu a kan sakata. Sai na tsaya ina tunanin mace mai cikin wata bakwai tana saukowa hawa huɗu da kare a hannu, ta je ta amsa tambayar da ni kaɗai na san amsarta. Na tuna tsoho zaune a bencin 'yan sanda da hularsa a gwiwa. Amana aka ba ni, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na koma sama, na tuɓe babbar rigar, na naɗe Afu a ciki, na rungume shi. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na taɓa kare da hannuna, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne ɗuminsa, da yadda zuciyarsa take bugawa da sauri a ƙirjina.

Tasi uku muka tare, duk wanda ya leƙo ya ga abin da ke hannuna sai ya ja motarsa. Muka kama hanya a ƙafa, ni a gaba, Ummanku tana biye a hankali. Hanyar kuwa ba ta da wata mafita sai ta gaban Canaan, ranar Juma'a da hantsi, lokacin da duk wani ɗan Kano da ke Guangzhou yake tsaye a bakin titi da kofin shayi. Wani ya hango ni ya taso da sauri.

"Alhaji Sabi'u, lafiya? Hajiya ta sauka ne? Jariri ne?"

Kafin in buɗe baki wutsiya ta zubo daga cikin shadda.

"La'ilaha illallahu! Jama'a, kare ne!"

Wayoyi suka fito kamar an yi shela. Kafin in ƙarasa asibitin hotona ya riga ni isa Kantin Kwari. A nan sunan ya samo asali, a bakin titin Guangyuan, kuma a lokacin ko a jikina, don numfashin abin da ke hannuna kawai nake saurare. Muna shiga waya ta yi ƙara. Alhaji Yakubu ne, da Hausarsa ta Gana wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta.

"Massa, kana ina? Mota ya zo tun tuni, direba yana zagi na da Sinanci."

"Ina asibiti, Alhaji."

"Subhanallahi! Hajiya ne? Ya haihu?"

"A'a. Kare ne."

Sai ya tambaya da sauri.

"Kare ya cije ka?"

"A'a," na ce, "ni na cuce shi. Ku loda na sauran mutane, ku bar nawa."

Likitar yarinya ce ƙarama mai tabarau, ba za ta girmi Ummi a yanzu ba. Ta matsa cikin Afu, ta tambayi me ya ci. Ummanku ta juyo ta zuba mini ido. Na ce ganda tara cikin kwana huɗu, da ƙasusuwan farfesu. Da aka fassara mata, cire tabaraun ta yi ta dube ni da idonta na ainihi. Aka ɗauki hoton cikin, ta ce hanji ya toshe, sai an yi aiki yanzu-yanzu, kuma sai mai kare ya amince. Muka kira Baba Lawban sau huɗu bai ɗauka ba. Ummanku ta bar masa saƙon murya cewa Afu ba shi da lafiya, za a yi masa tiyata. Ni na sa hannu a takardar, hannun da ake jira a sito. Kafin likitar ta shiga, ta yanko ɗan guntun ganda daga wata leda a kantarsu, ta jefa a kofin ruwan ɗumi, ta ajiye a gabana.

Awa biyu na zauna ina kallon kofin nan. Juma'a ta wuce ni, na yi azahar a lungu tsakanin buhunan abincin kyanwa. Guntun da aka jefa kuwa ya yi ta kumbura, ya yi laushi, ya yi santsi, ya ninka kansa. Ba sai an yi mini bayani ba. Sau nawa na ga Hajiya Babba ta jiƙa ganda rabin kwano ta wayi gari ta cika shi? Na san wannan tun ban iya tsarki ba, amma ban taɓa kawowa a raina cewa cikin kare ma ruwa ne da ɗumi ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ɗan mahauci guda, yarinya ta koya masa halin fata da kofin roba.

Da ta fito, faranti ne a hannunta, a kai dunƙule uku na ganda da ya haɗiye ba tare da ya tauna ba, da tsinin ƙashi kamar basilla. Ta ce Afu yana raye, zai tashi. Na yi hamdala da ƙarfi har wata tsohuwa mai zomo ta zabura, na yi ta jera wa likitar sheshe, wato na gode, har ta fara dariya. Sai ta zaunar da mu ta yi mini karatu, Ummanku tana fassarawa. Ta ce duk kayan kwaɗayin da za a ba kare a yini kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsa. Ta ce ganda in za a bayar, guda ɗaya ce, wadda ta fi ƙarfin ya haɗiye, jefi-jefi ba kullum ba, na ɗan lokaci gwargwadon shan shayi, mutum yana zaune yana kallo, in ta yi laushi ko ta ƙanƙance a karɓe a jefar. Kare mai haɗama irin Afu ma gara a raba shi da ita gaba ɗaya. Dafaffen ƙashi kuwa ko kusa, don tsagewa yake yi ya huda hanji. Na tambaya to me zai riƙa gwigwiya, tunda ya saba. Ta ce ɗanyen karas, ko dankalin Hausa da aka yanka aka busar, ko wata roba mai rami da ake cusa wa abinci ya yi ta fama da ita. Na ce kilishi fa? Da Ummanku ta kwatanta mata abin da ke cikin kilishi, ta kaɗa hannu biyu, ta ce albasa da tafarnuwa guba ne a jikin kare, gishiri da yaji ma ba nasa ba ne. In nama ne, sai dai a busar da shi zalla, shi ma ɗan kaɗan.

"Ta kuma ce," in ji Ummanku, "wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

"Binta, wannan ita ta faɗa ko ke?"

"Wannan nawa ne."

Mota ta tafi Huangpu ba kayana. Sun bi jirgin gaba, suka isa Kano bayan an ci Sallah an cinye, kun kuwa san darajar kayan Sallah bayan Sallah. Mutum biyar sun yi ƙorafi sun haƙura. Na shida, wanda na shekara biyar ina yi wa saye, cewa ya yi ba zai bar dukiyarsa a hannun wanda ya fifita kare a kansa ba, kuma bai dawo ba har yau. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu in na tuna yana yi. Ban ga laifinsa ba.

Amma kwanakin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin zaman da muka yi a ƙasar. Bayan kwana uku aka sallamo Afu da wata roba a wuya kamar mazurari, don kada ya lashi ɗinkin, yana tafiya yana karo da tukwane yana waiwaye kamar su suka tare shi. Ummanku ta wanke shaddata sau bakwai, da ta zo wankin da ake yi da ƙasa sai ta rasa inda za ta samu ƙasa a garin da duk siminti ne, ƙarshe a tukunyar fulawar tsohon ta ɗebo. Ta sayo dankali ta yanka siri-siri ta shanya a rufi, muna gadinsa daga tsuntsaye. Da likita ta ba da izini, ni nake riƙe karas ta gefe ɗaya, Afu yana ƙwarƙwasa ɗaya gefen, Ummanku tana zaune da cikinta tana dariya har tana riƙe kwiɓi. Maƙwabta masu karnuka suka ji labari suka fara aiko neman dankalinta. Abu ɗaya ne yake hana ni sakewa. Amsar Baba Lawban ta zo tun yammacin Juma'ar, kalma biyu kacal, wai "na ji". Bai ƙara komai ba, kuma bai san sanadin ciwon ba.

Alhaji Yakubu ya zo da ledar lemo, wai duba marar lafiya, alhali tsiya ce ta kawo shi. Da ya gama dariyarsa sai ya ja ni gefe.

"Massa, ka ji shawara. Ka ce karen ne ya buɗe durowa ya sata. Kare ba ya zuwa kotu. In tsoho ya kore ku, ina za ka kai Hajiya da cikin shi?"

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Na kai wa Ummanku ita a matsayin shawarar wani. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Alhaji, kai da Hausa za ka yi ƙaryar. Da bakin wa za ta fita da Sinanci?"

Maganar ta mutu a nan.

Ranar da tsohon ya dawo muna rufi muna jiransa. Afu ya ji takunsa tun daga ƙasa ya fara wani irin kuka da ban taɓa jin ya yi ba. Baba Lawban ya ajiye jakarsa, ya durƙusa, ya kwantar da shi, ya ga cikin da aka aske, ya bi ɗinkin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a gabansa na faɗi komai, yawan gandar, da ƙasusuwan, da rowar da na ce ya yi. Na ce kuma ba don kirki na ba shi ba, don kada ya taɓa mini riga ne.

"Har wannan?" Ummanku ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Har wannan."

Ta fassara. Tsohon ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya ɗauki karensa ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Kwana uku ba mu gan shi ba, sai takunsa da muke ji a sama. Na fara bin lunguna a ɓoye ina tambayar ɗaki, ina shan meyo, in dawo gida in ce da Ummanku kasuwa ce ta riƙe ni.

Rana ta huɗu da safe aka ƙwanƙwasa. Shi ne, da hularsa, da Afu a igiya, da kwano cike da ƙwai da aka rina ja, wanda suke rabawa in an yi haihuwa. Ya miƙa wa Ummanku kwanon, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi magana mai tsawo, ita kuma tana juyo mini da ita guntu-guntu.

"Ya ce an samu mace. Ya ce karen nan na matarsa ne, ita ta tsince shi a shekararta ta ƙarshe. Ya ce ya yi fushi da kai ƙwarai, shi ya sa bai sauko ba, ba ya son ya yi magana da fushi a baki."

Na sunkuyar da kai ina jiran a faɗi ranar da za mu tashi daga gidan.

"Ya ce jiya ya kai Afu an duba ɗinki, likita ta gaya masa a ƙafa ka kawo shi, kuma ba ka tashi daga wurin ba. Ya ce in jaririyar ta cika wata ɗaya za a yi biki, zai koma ya yi kwana goma. Maƙwabciyarmu mai karnuka biyu ta ce a bar mata Afu, ya ƙi." Ummanku ta ci gaba. "Ya ce wanda ya taɓa faɗawa rami ya fi kowa sanin inda yake."

Tsohon ya miƙo mini igiyar da hannu biyu. Na sa hannu biyu na karɓa, na tsaya ina kallon igiyar. Ummanku ta zungure ni ta ce in yi magana mana, mutum yana jira. Na ɗago na dube shi.

"Allah ya raya, Baba. Ka je ka dawo lafiya. Yadda ka bar shi haka za ka same shi."

Bai jira fassara ba. Ya gyaɗa kai, ya juya ya fara hawa bene.